Kansila da Gidan Ninƙaya

Garin da zan ba da labarinsa ba ya cikin taswira, mutanensa ma ban raɗa musu suna ba. Amma dokokin da suka hau kansu, da shekarun, da shari'ar da za ta shigo a tsakiya, duk na gaske ne, kuma abin da ya same su ya sami garuruwa da dama a Ingila.

Gari ne a arewacin ƙasar, irin waɗanda masaƙu suka raya, daga baya masaƙun suka mutu suka bar mutane. Yana da gidan ninƙaya guda ɗaya, mallakar ƙaramar hukuma, wanda aka gina a shekarun 1970: babban tafki mai tsawon mita 25, da ƙarami na yara a gefensa. A can iyo ba shagalin masu hannu da shuni ba ne. Tun 1846 majalisar dokokin ƙasar ta ba garuruwa ikon gina gidajen wanka da wanki domin talakan da babu famfo a gidansa, kuma a yau manhajar firamare ta ce kada yaro ya gama makaranta bai iya ninƙayar mita 25 ba. Saboda haka da safe motocin makaranta ne ke sauke yara a ƙofa, da hantsi tsofaffi masu ciwon gwiwa su shiga, da yamma kuma waɗanda suka taso daga aiki.

Kaɗan ne daga cikinsu suka san da wani mutum a ƙarƙashin ƙafafunsu. A bayan ɗakin canza kaya akwai matakala mai gangarawa ɗakin injina, inda manyan tankokin yashi ke tace ruwa, tukunyar gas kuma tana ɗumama shi. Nan ne wurin mai injina. Sau da yawa a yini yakan hau sama, ya durƙusa a bakin tafki, ya ɗebi ruwa a 'yar kwalba, ya jefa ƙwaya a ciki. Ruwan ya rine ya koma ruwan hoda, ya duba ya san ko kulorin ya isa, ya rubuta a littafi da lokaci da sa hannunsa. In yashin tanki ya cika da dauɗa sai ya juya ruwa baya ya wanke shi. Injin da ke shirin lalacewa kuwa da kunne yake gane shi, tun kafin ya tsaya. Ya fara aiki a gidan yana saurayi, a farkon shekarun 1980, a kan doguwar kujerar masu ceto da usur a wuya, kafin ya gangara ƙasa.

Guguwar farko a kan idonsa ta wuce. A 1988 gwamnatin Margaret Thatcher ta kafa dokar da ta tilasta wa ƙananan hukumomi su fitar da wasu ayyukansu a yi takarar kwangila, shekara guda bayan haka aka saka gidajen wasanni da na ninƙaya a jerin. Ma'aikatan gidan suka shiga takarar da sunan hukumarsu suka ci, bayan sun haƙura an datse musu wasu alawus. Gwamnatin Tony Blair ta janye tilascin da dokar 1999. Suka ɗauka an wuce wurin.

Kansilan da ke riƙe da kwamitin wasanni tsohon malamin makaranta ne, mutumin kirki, ba a taɓa jin ya ci ko sisin kwabo ba. Gara in faɗi wannan tun da wuri, domin labarin ba na ɓarawo ba ne. Daga 2010 gwamnatin tsakiya ta shiga tsuke bakin aljihu, har ofishin binciken kuɗin ƙasa ya lissafa a 2018 cewa abin da take ba ƙananan hukumomin Ingila ya ragu da kusan rabi in aka yi la'akari da tsadar kaya. Kula da tsofaffi marasa galihu da yaran da ke cikin haɗari wajibi ne a doka. Gidan ninƙaya ba wajibi ba ne. Gaba kura, baya sayaki.

Sai jami'an hukuma suka kawo masa mafita a rubuce. Gini ya ci gaba da zama na hukuma, gudanarwa kuma a ba wani na waje na shekara goma. In mai karɓar ƙungiyar agaji ce mai rajista, doka ta yafe mata kashi 80 cikin 100 na harajin gini, kuma ba ta ɗora harajin VAT a kan kuɗin shiga yadda hukuma ke yi a wancan lokaci. Aka kawo misalin Greenwich a Landan, inda a 1993 aka kafa ƙungiyar GLL, mallakar ma'aikatanta, ta karɓi gidajen wasannin yankin lokacin da kuɗi ya yi wa hukuma ƙaranci, ta kuma bunƙasa ta zama ɗaya daga cikin manyan masu wannan harka a ƙasar. Masu neman kwangila uku suka zo da hotuna. Wanda ya ci ya yi alkawarin sabon ɗakin motsa jiki, da cewa nan da shekara biyar hukuma ba za ta ƙara zuba tallafi ba.

Kansila ya karanta takardar daga farko har ƙarshe. Ya yi tambaya a kan farashin tikitin tsofaffi, da lokacin makarantu, da wanda zai gyara rufi in ya yi yoyo. Tambaya guda ce bai yi ba: rangwamen haraji ya toshe wani sashe na giɓin, to sauran daga ina zai fito? Ruwan tafki dole a riƙe shi wajen digiri 28 ko wane ne ke riƙe da mabuɗi, kuma kamfanin gas ba ya sassauta wa kowa. Abu biyu ne ke cinye kuɗin irin wannan gida, makamashi da albashi, kuma ɗaya ne kawai daga cikinsu ke lanƙwasuwa. A ganina duk wanda ya kai matsayin sa hannu a irin wannan takarda ya isa ya yi wannan lissafi da kansa, kyakkyawar niyya kuma ba ta ɗauke masa shi.

A farkon 2013 ya tara ma'aikatan a ƙaramin zaure. Wakiliyar ƙungiyar ƙwadago, wata mata da ta koya wa rabin yaran garin iyo, ta miƙe.

"Kansila, ranar ɗaya ga Afrilu mu na wa za mu zama?"

"Dokar TUPE ta kare ku," in ji shi. "Albashinku, hutunku, shekarun aikinku, duk za su bi ku. Fanshonku na nan. Ba a kori kowa ba. Babu abin da zai canza sai launin riga."

Bai yi ƙarya ba. Wannan doka, da aka kafa a 1981 aka sabunta a 2006, ta ce in aiki ya koma hannun wani, ma'aikaci ya koma da duk sharuɗɗansa. Akwai kuma umarnin 2007 da ya kare fanshon ma'aikacin ƙaramar hukuma da aka miƙa wa ɗan kwangila. Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Dokar ta san wanda ke cikin gida ranar da aka miƙa mabuɗi, wanda zai shigo washegari kuwa ba ruwanta da shi. An taɓa toshe wannan ƙofa da wata ƙa'ida ta 2003, wadda ta ce in ɗan kwangila ya ɗauki sabon ma'aikaci, kada sharuɗɗansa a dunƙule su gaza na waɗanda ya tarar. A 2011 ministan ƙananan hukumomi, Eric Pickles, ya soke ta. Ƙofar a buɗe take ranar da kansila ya sa hannu, kuma masu neman kwangilar duk sun san haka lokacin da suke yanka farashi.

Yarinyar da aka fara ɗauka bayan miƙa gidan 'yar shekara sha tara ce, tana zaune da mahaifiyarta a gidan haya. Kafin a rataya mata usur sai da ta biya kuɗin kwas daga aljihunta, ta yi ninƙayar mita 50 cikin ƙasa da minti ɗaya, ta nutse ta ɗauko mutum-mutumi daga ƙasan tafki, ta koyi danna ƙirji da hura numfashi. Takardar shaidar shekara biyu take yi, kuma sai da ci gaba da horo ake sabunta ta. Aka koya mata ƙa'idar masu ceto: idonka ya zagaye yankinka cikin daƙiƙa 10, kai kuma ka iya isa ko'ina a cikinsa cikin daƙiƙa 20. Mai nutsewa sau da yawa ba ya ihu, ba ya ɗaga hannu yadda ake nunawa a fim. Tsaye yake zama a cikin ruwa, baki na hawa yana sauka, a tsakiyar yara talatin masu fantsama da shewa. Gane shi a cikin wannan hayaniya, cikin zafi da warin kulorin, shi ne aikin.

Takardar aikinta ba ta yi mata alkawarin ko sa'a ɗaya a mako ba. Jadawali a waya yake zuwa, wanda ya riga dannawa shi ya samu. Wannan mako ta yi sa'a 35, na gaba 8. In mutane ba su zo ba a ce ta tafi gida, kuɗin mota ya tashi a banza. Ladanta shi ne mafi ƙarancin da doka ta yanke wa masu shekarunta, wanda bai kai na manya ba. Abokin aikinta da ke kujerar ɗaya gefen, wanda aka gada daga hukuma, yana da ƙarin kuɗi ranar Lahadi, ita babu. In ya kwanta ciwo, tsarin ƙananan hukumomi ya ba wanda ya shekara biyar cikakken albashi na wata shida da rabi na wata shida. Ita a lokacin kwana ukun farko na jinya ko kwabo ba ta da shi. A fanshonsa mai gida kan zuba abin da ya kusa kashi 20 na albashi a hukumomi da yawa. Nata, in ta kai shekarun shiga tsarin, mafi ƙarancin da doka ta tilasta ne, wanda sai a 2019 ya kai kashi 3. Duk wanda ya taɓa tsayawa a layin banki a Kano ya ga ma'aikata biyu a kanta ɗaya da riga iri ɗaya, ɗaya na banki, ɗaya na kamfanin da ke ba banki hayar mutane, ya san irin wannan zama.

Wata safiya cikin hunturu mai injina ya durƙusa ɗiban ruwa, ya ɗaga kai ya ga idanunta jawur, ta damƙe hannun kujera tana rawar sanyi a wurin da kowa ke gumi.

"Yarinya, me ya fito da ke yau?"

"In ban zo ba babu kuɗi. In na ƙi sau biyu kuma ba za su sake turo mini ba."

Ya je ya sami manajan ranar. Manajan ya duba waya ya ce babu wanda zai maye ta, in ta sauka sai a fitar da yaran makaranta daga ruwa. Mai injina ya ajiye kwalbarsa ya tsaya a ɗaya ƙarshen tafkin har aka gama darasi, yana zagaya ido yadda ya saba shekara talatin da suka wuce, duk da cewa takardarsa ta ceto ta daɗe da mutuwa. Ba abin da ya faru ranar. Ba a kuma rubuta komai a ko'ina ba.

Tsofaffin ma'aikatan ma ba a daɗe ba suka gane iyakar kariyarsu. Albashin ma'aikatan ƙananan hukumomi ana tsayar da shi ne a zaman ƙasa baki ɗaya tsakanin hukumomi da ƙungiyoyin ƙwadago. A 2013 ƙarin kashi 1 cikin 100 ne kacal, amma wakiliyar ƙungiya ta nemi a ba mutanenta, tunda takardunsu sun ce abin da wancan zama ya yanke shi ne nasu. Sai ga hukunci daga kotun Tarayyar Turai a watan Yulin shekarar. Asalin shari'ar daga Lewisham ne a Landan. Hukumar yankin ta miƙa ma'aikatan gidajen wasanninta ga wani kamfani a 2002, a 2004 suka sake komawa hannun Parkwood Leisure, wanda ya ƙi biyan ƙarin da zaman ƙasa ya amince da shi bayan ya karɓe su. Ma'aikatan suka yi ta hawa daga kotu zuwa kotu, nan a ba su gaskiya, can a ƙwace, har Kotun Ƙolin Birtaniya ta miƙa tambayar Turai. A shari'ar da aka sani da Alemo-Herron, kotun ta ce ba za a ɗaure kamfani da yarjejeniyar da aka ƙulla bayan ya karɓi aiki ba, matuƙar ba shi da kujera a wurin ƙulla ta. A 2014 aka shigar da wannan cikin dokar TUPE. Ma'aikaci ya tafi da albashin da yake kai ranar miƙawa, igiyar da ke jan sa sama kuwa an tsinke ta.

Daga nan sai zaizaya a hankali. Aka yi gyaran tsari, muƙamai suka sauya suna, aka nemi masu su su sake neman aikinsu. Wasu suka karɓi kuɗin sallama. Mataimakin mai injina ya tafi ba a maye gurbinsa ba, manyan gyare-gyare aka ba wani kamfani da ke zuwa daga wani birni in an kira. Sabon ɗakin motsa jiki dai an gina shi, yana da kyau, mutane kuma sun ƙaru. Kansila ya yanke zare da almakashi aka ɗauki hoto. A shekara ta biyar tallafin hukuma ya koma sifiri kamar yadda aka alkawarta, ya faɗi haka a zauren majalisa aka tafa masa.

A Maris 2020 annobar korona ta rufe gidan. Aka buɗe, aka sake rufewa. Gwamnati ta biya kashi 80 na albashin waɗanda aka zaunar, amma kashi 80 na aikin da dama can hannu baka hannu ƙwarya ne ba ya riƙe gida. Masu ceto suka watse, wasu ɗakunan ajiyar kaya, wasu manyan kantuna, inda ladan ya fi kuma ran ɗan wani ba ya hannunka. Yarinyar nan ma, wadda yanzu ta zama uwa, ta koma kan injin karɓar kuɗi a wani kanti. A 2021 hukumar ninƙaya ta Ingila ta yi gargaɗin cewa tafkuna kusan 2,000 na iya rufewa kafin 2030. A 2022 kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabi. Kamfanin da ke gudanar da gidan ya rage zafin ruwa, sannan ya dawo wa hukuma da ƙoƙon bara: ko a dawo da tallafi, ko ya ajiye mabuɗi. Aka dawo da tallafi. Asarar da aka ce an rabu da ita ta dawo gida da ƙafarta, domin gari ba ya iya zura ido a rufe masa gidan ninƙaya ɗaya tilo.

Wata Asabar kansila ya kawo jikarsa darasi, ya tarar da takarda manne a ƙofa: an soke saboda ƙarancin masu ceto. Ransa ya ɓaci. Ranar Litinin ya tambayi jami'in hukuma nawa ake biyan masu ceto, mutum nawa suka bar aiki a bana. Jami'in ya ce harkar ma'aikata ta kamfani ce. Ya nemi alƙaluman kwangila, aka ce zai iya gani a sirrance amma ba zai karanta su a zaman jama'a ba, sirrin kasuwanci ne. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2000 ta hau kan hukuma, ba ta hau kan ɗan kwangila kai tsaye ba. Gidan na mutanen da suka zaɓe shi ne, amma ba shi da amsar da zai ba su.

Da yamma ya koma gidan, ya nemi a nuna masa matakalar. Shekara goma yana shugabantar kwamitin, ranar ce ya fara sauka ɗakin injina. Ya tarar da mai injina, kai ya yi fari, yana rubutu a littafinsa.

"Kansila, ka ce babu abin da zai same ni, kuma kusan babu abin da ya same ni. Fanshona na nan yana jirana. Amma mu talatin da ɗaya muka zauna a zauren nan ranar da ka zo. Yau mu huɗu muka rage. Duk wanda ya fita, mai rabin haƙƙinsa ne ke shigowa. Tallafin nan da ya koma sifiri, daga nan ya fito."

"Da ban sa hannu ba da an rufe gidan."

"Mai yiwuwa. Ban ce kada ka sa ba. Layi ɗaya ya kamata ka sa su ƙara, cewa duk wanda aka ɗauka a biya shi kamar wanda ya tarar. Da farashin ya tashi, da kun ga ainihin kuɗin ruwan nan, ku yanke shawara ido buɗe, ku gaya wa mutanen gari. Kuɗin bai ɓace ba, kansila. Yara ne suka biya, waɗanda ba sa cikin zauren balle su yi maka tambaya." Ya rufe littafin. "Yara shida na fara koya wa aikin nan. Ba wanda ya daɗe har ya iya gane kukan inji. In na tafi, ban san wa zai sauko nan ba."

Kansila bai ce komai ba. Ya yi masa godiya ya hau.

Wa'adin kwangilar ya ƙare a 2023, kuma a wannan shekara abubuwa sun ɗan sauya. A watan Maris hukumar harajin ƙasar, bayan shari'ar da hukumar Chelmsford da wasu suka yi da ita, ta amince cewa ƙananan hukumomi ba sai sun ɗora VAT a kan kuɗin shiga gidajen wasannin da suke gudanarwa da kansu ba. Ɗaya daga cikin manyan dalilan miƙa gidan ya faɗi ke nan. A wannan watan ne kuma gwamnati ta ware fam miliyan 63 domin tallafa wa tafkunan jama'a. Jami'ai suka kawo wa kwamiti hanya uku: a dawo da gidan hannun hukuma, ko a sake fitar da kwangila da sharaɗin albashi a ciki, kamar yadda hukumomi da dama ke yi, ko a ƙara wa kamfanin shekara biyar a kan yadda ake. Suka ba da shawarar ta uku, ita ce mafi arha. A shafin ƙarshe, ƙarƙashin kan maganar tasiri a kan ma'aikata, an rubuta cewa babu, tunda hukuma ba ta da ma'aikata a gidan.

Kansila ya karanta layin sau biyu. Na so ƙwarai in ce ya miƙe ya nemi a goge shi, ya gaya wa abokan zamansa abin da ya ji a ɗakin injina, ko da za a kayar da shi a ƙuri'a. Zaɓe na tafe a watan Mayu, kuma hanya ta farko da ta biyu duk sai an nemo kuɗi, ko a ƙara wa gidaje haraji ko a rage wani abu. Bai miƙe ba. Da aka ce masu goyon baya, ya ɗaga hannu tare da sauran, magatakarda ya rubuta cewa an amince babu hamayya.

Mako guda bayan haka kamfanin ya fitar da sanarwar neman masu ceto shida, 'yan shekara 16 zuwa sama, ba tare da tabbacin sa'o'in aiki ba.